WANDA BAI IYA FAƊUWA BA, KADA KI BA SHI ZUCIYARKI

'Yan'uwana mata manya da ƙanana, musamman ƙannena 'yan makaranta masu satar karanta wannan mujalla a ƙarƙashin benci. Na san ku sarai, domin ni ma ban daɗe da barin bencin nan ba. Ya karatu, ya taya su Mama aiki? Allah Ya yi muku albarka.

Masu jiran ci gaban littafina su ƙara haƙuri, yana nan tafe. Yau hira kawai nake so mu yi, irin wadda ake yi a tsakar gida bayan an gama wanke-wanken dare. Da yawa daga cikinku kan aiko mini da tambaya, wai me nake yi in na ajiye biro? To abu uku ne. Na farko kallon finafinan da ƙawayena ke cewa na marasa aikin yi ne. Na biyu 'yan wasannin nan na intanet. Na uku kuma wasan yaƙi, wato dara da ches, wanda shi ne ke jawo mini surutu a unguwarmu ta Kakuri. Sau nawa aka ce da ni, “Ke kuwa mace da dara, sai ka ce tsohon ɗan fansho?” Ni dai dariya nake yi, domin a cikin ukun nan na tsinci abin da ya fi duk wata shawarar soyayya da na taɓa sa wa a bakin taurarin littattafaina. Abin kuwa shi ne, mutum yana iya ɓoye halinsa a wurin zance, yana iya ɓoye shi a gaban surukai, amma ba ya iya ɓoye shi a daidai lokacin da aka cinye shi a wasa. Ku gyara zama, za mu zo wurin.

MACIJIYA, KARE DA ƘUDA

Na tashi na tarar da wani tsohon kwali a ƙarƙashin gadon Babanmu cike da kaset-kaset na bidiyo, yawancinsu na Indiya da na Cana. Daga baya aka koma faifan CD, yanzu kuwa sai dai ki miƙa wayarki ga masu tura fim a bakin kasuwa su cika miki ita, har da fassarar Hausa irin ta su Algaita ta Kano. Ƙawayena na soyayya suke zaɓa, a yi rawa a cikin furanni a yi kuka a yi aure. Ni kuwa in na je cewa nake yi, “Malam, ba ni wanda hankali ba zai ɗauka ba.”

Sarauniyar irin waɗannan a wurina ita ce Nagin, fim ɗin 1976 da Reena Roy ta fito a macijiya mai rikiɗa ta zama mace. Wasu abokai ne ɗayansu ya harbe masoyinta bisa kuskure, yana zaton maciji ne zai sari mutum. Ita kuwa sai ta duba cikin idon gawar ta ga hotunan fuskokinsu, ta shiga binsu ɗaya bayan ɗaya, yau ta zo a siffar wannan gobe a siffar waccan. Iyayenmu mata har yanzu in ana hirar fim ɗin sai ki ga sun rage murya, kamar macijiyar na bayan ƙofa tana ji.

Sai Teri Meherbaniyan na 1985. A nan miyagu suka kashe Jackie Shroff, babu wanda ya tsaya masa sai karensa mai suna Moti. Karen nan shi ya yi makoki, shi ya zubar da hawaye, shi ya bi azzaluman nan har ya ga bayansu. Kai, ranar da muka kalle shi ƙanwata cewa ta yi, “Yaya, wallahi karen nan ya fi wasu samarin alƙawari.” Mama ta kai mata duka tana dariya.

Amma wanda ya fi kashe ni shi ne Eega, wanda S. S. Rajamouli ya shirya a 2012. Wani attajiri ya kashe saurayi saboda budurwa, sai labarin ya ce wai saurayin ya dawo duniya a ƙuda. Ƙuda fa, wannan da muke kora daga bakin kwano! Ya hana attajirin barci, ya hana shi sukuni, ya jefa shi a haɗarin mota, ita kuma budurwar, da yake gwanar sassaƙa ƙananan abubuwa ce, har ɗan tabarau ta ƙera masa don kada maganin feshi ya cutar da shi. Tirƙashi! Duk wadda ba ta taɓa ganin ƙuda yana motsa jiki don shirin faɗa ba, to da sauran kallo a gabanta.

Da na zauna na jera finafinan nan, sai na lura duk tuwo ɗaya ne aka sauya masa miya. An cuce ni, sai na rama. Macijiya ta rama, kare ya rama, ƙuda ma ya rama, mu kuma muna tafi muna cewa Allah Ya ƙara. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma gaskiya akwai daɗi a kallo. Sai dai ku tuna da lissafin Nagin. Rai ɗaya aka kashe mata, ita kuwa gidaje nawa ta mayar gidan makoki? Matan da ta raba da mazansu me suka yi mata?

Fim ɗaya ne a cikin kwalin nan ya bi wata hanya daban, shi ne The Gods Must Be Crazy na 1980, wanda aka yi a kudancin Afirka. Matuƙin jirgin sama ya jefo kwalbar Coca-Cola a hamadar Kalahari, mutanen wurin da ba su taɓa ganin kwalba ba suka ɗauka kyauta ce daga sama. Wannan ta yi daka da ita, wannan ya busa ta, wancan ya goge fata. Da yake guda ɗaya ce, sai ga hassada da faɗa a tsakanin mutanen da ba su san faɗa ba. Gogan naku bai tsaya neman wanda ya fara ba, ɗaukar kwalbar ya yi ya kama hanyar ƙarshen duniya don ya jefar da ita kowa ya huta. Mutane dariyar tsirararsa suke yi, ni kuwa har gobe ina ganin ya fi su macijiya hankali.

WASAN DA BA YA ƘAREWA

Kwalbar zamaninmu kuwa ai kun san ta, ga ta nan a hannun kowa. Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a watan Agusta na 2001, kuma wasan farko da yawancinmu muka sani shi ne macijin Nokia. Yana ci yana tsawo, yana ci yana tsawo, har ya sari jikinsa ya mutu. A tsohuwar wayar Mama na koye shi, ana kiran ta a waya ina ɓoye a bayan randa.

Da na shiga sakandare sai na gano wasannin da ake buɗewa kai tsaye a shafin intanet, ba sai an sauke su ba. In an aike mu kafe cike takardun jarrabawa, 'yan mintocin da suka rage na kuɗinmu a shafuka irin su Friv da Miniclip suke ƙarewa, ana yi wa 'yartsana kwalliya, ana dafa abincin ƙarya, ana tseren mota. Yawancin waɗannan wasanni da wata manhaja mai suna Flash suke tafiya, kuma kamfanin Adobe ya daina kula da ita a ranar 31 ga Disamba 2020, da yawansu suka bi ta. A wannan ranar ce kuma aka rufe FarmVille, gonar ƙaryar da ta ɓulla a Facebook a 2009, wadda in ba ki dawo kin girbe shukarki a kan lokaci ba sai ta bushe. Ku duba dabara! An sa mutum yana fargabar asarar tumatirin da ko miya ba zai yi ba. Wata maƙwabciyarmu a Barnawa ta shekara da shekaru tana nomanta, dare ɗaya gona ta ɓace, ko buhu guda ba ta kai gida ba.

Akwai na yaƙi ma a cikinsu. Wani ɗan'uwana ya nuna mini Travian, wanda aka ƙirƙira a Jamus a 2004. Za ki gina ƙauye, ki yi noma, ki tara dakaru, ki kai wa maƙwabta hari. Matsalar ita ce agogon wasan ba ya tsayawa, kina barci wani a wata ƙasa yana kwashe miki rumbu. Ɗan'uwan nan nawa har ƙararrawa yake sa wa ta tashe shi ƙarfe uku na dare don ya rama harin da aka kai masa. Mutumin da bai taɓa gani ba, bai san sunansa ba, amma ya kwana da shi a zuciya.

Wanda na fi so a yanzu, kada ku yi dariya, shi ne ɗan dabbar nan da ke fitowa a Chrome in intanet ta yanke. Tun 2014 yake gudu yana tsallake ƙaya, kuma waɗanda suka yi shi sun ce sai an shekara wajen miliyan 17 ana bugawa kafin a kai ƙarshensa. Aƙalla su sun faɗi gaskiya. Sauran kuwa, irin su Candy Crush da ya fito a 2012, ba sa gaya miki cewa an gina su ne don kada ki tashi. Kin faɗi? Ga wata dama. Kin sake faɗi? Kalli talla a ba ki rai. Babu wanda zai dube ki ya ce an cinye ki, babu wanda za ki yi wa barka. Faɗuwar da babu mai gani ba ta koya wa mutum komai, sai cin data da caji da lokacin karatu. Ƙannena masu shirin jarrabawa, ni ba zan ce ku daina ba, domin ni ma ina yi. Amma ku yanka masa lokaci kamar yadda ake yanka wa miya gishiri. Duk wasan da kuma aka ce ki sa kuɗi don ki ci kuɗi, sunansa caca ko da wace riga ya sa, ki yi nesa da shi da mai yin sa.

YAƘI A KAN TABARMA

Yanzu mu zo kan wanda ake yi mini gori a kansa. Kawuna, yayan Mama, tsohon ma'aikacin masaƙa ne, shi ya koya mini dara ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na. Ya ce, “Uwata, zo ki zauna. Kan da ke iya lissafin cefane ai ba dara ce za ta gagare shi ba.”

Ga yadda take. Ana haƙa gurbi talatin a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowa yana da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya riƙe tsinke ɗaya ya riƙe tsakuwa. Da farko zubi ake yi, ki sa ɗaya ya sa ɗaya, kuma ba a yarda a jera uku a lokacin zubi ba. In an gama, gurbi shida ne kacal ke zama babu kowa, a cikinsu za a yi duk yaƙin. Sai a fara tafiya, taki ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi, tunda ba zai ƙara jera uku ba. Dakarkarin ƙasar Zuru sun shahara da ita, Zabarmawan Nijar kuma dili suke ce mata. Akwai kuma ɗaya darar ta katako mai gida goma sha biyu da 'ya'ya arba'in da takwas, wadda Yarbawa ke kira ayo.

Sirrin da Kawu ya fara gaya mini shi ne, a wurin zubi ake cin dara. Wanda ya zuba da garaje, tun kafin a fara tafiya ya riga ya faɗi, bai dai sani ba ne. Gwani kuwa yakan shirya 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin gurbi biyu, ya je ya cika uku, ya dawo ya cika wasu ukun, yana ci kina kallo ba ki da ta cewa. Ashe ba haka rayuwar 'ya mace take ba? Abin da kika zuba a shekarun makaranta, shi za ki yi tafiya da shi a gidan miji.

Kada ku ɗauka Bahaushe bai san wasan yaƙi ba sai da Bature ya zo. Ku dubi langa da yayyenmu maza ke yi. Runduna biyu ce, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, kowane ɓangare da wanda ake kira ruwa, shi ake karewa kamar sarki. In ruwa ya kai wurin sha an ci, in aka kayar da shi gari ya faɗi. Har a gasar wasannin gargajiya ana yin ta, da nau'o'inta irin su kawoshi da tureshi.

Ches kuwa a makaranta na koye ta. A Indiya aka faro ta wajen ƙarni na 6 da sunan chaturanga, ma'ana rukuni huɗu na mayaƙa, wato dakarun ƙasa da mahaya dawaki da giwaye da kekunan yaƙi. Ta bi ta Farisa ta shiga hannun Larabawa suna ce mata shaɗaranji, daga nan ta tsallaka Turai. Gida 64, kowa da 'ya'ya 16. Abin da ya burge ni shi ne, wanda ke tsaye kusa da sarki a da waziri ne, taki ɗaya tak yake yi a karkace. Turawa suka mayar da shi sarauniya, kuma a ƙarshen ƙarni na 15 aka sake mata mara ta zama ta fi kowa ƙarfi a fagen, tana ratsa fili daga wannan gefe zuwa wancan, sarki kuwa na laɓe a lungu ana gadinsa. Mu 'yan ƙasar Zazzau da muka tashi da labarin Sarauniya Amina, wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Masu cewa ba wasan mata ba ne su je su tambayi Garry Kasparov, wanda Judit Polgar 'yar ƙasar Hangari ta doke a 2002. Su nemi fim ɗin Queen of Katwe na 2016, labarin gaske na Phiona Mutesi, yarinya mai tallar masara a unguwar talakawa ta Kampala wadda ches ta kai ta ƙasashen duniya. A nan gida ma ga Tunde Onakoya da ya kafa Chess in Slums a Legas a 2018 yana koya wa yaran talakawa, wanda a Afrilun 2024 ya yi awa 60 yana buga ches a birnin New York don tara wa yara kuɗin karatu.

Su kansu sojoji da wasa suke koyon yaƙi. A 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furushiya, wadda ke cikin Jamus ta yau, wani wasa da ake yi a kan taswira, da 'yan gutattaki ja da shuɗi a matsayin bataliyoyi, da alƙali a tsakiya mai yanke wanda harbinsa ya samu. Da Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka ce lallai akwai magana a wasan nan, kowa ya kwaikwaya. Mu da ke garin soja, ga makarantar NDA tun 1964, ga masana'antar makamai ta DICON a nan Kakuri tun wannan shekarar, ga kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji tun 1976, ga mu kuma jikokin masu kallon Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, bai kamata a ce wannan ya ba mu mamaki ba.

Daga hannun soja abin ya koma na sha'awa. Marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars a 1913, yana koyar da yadda ake yaƙi da sojojin dalma a tsakar ɗaki, kuma fatansa shi ne masu son yaƙi su huce a kan 'yan tsana su bar 'ya'yan mutane. Ba a ji maganarsa ba, shekara ɗaya bayan nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Har yau a Turai akwai manya da gemunsu masu sayen 'yan ƙananan sojoji na wasan Warhammer, wanda aka fara a 1983, su zauna su yi musu fenti da hannu kamar mai zanen lalle.

Akwai wani fim na Amurka da ya haɗa mini duk abubuwan nan uku wuri ɗaya, WarGames na 1983. Wani ɗan makaranta ya kutsa cikin kwamfutar sojoji yana zaton wasa ya samu, ashe ya kusa tayar da yaƙin nukiliya. Da me aka shawo kan kwamfutar? Da 'yar ƙaramar darar nan ta jera uku da muke zanawa a bayan littafi. Aka sa ta ta yi ta bugawa da kanta, kullum canjaras, har ta gane da kanta cewa akwai wasan da babu mai cin sa, gara ma kada a fara.

DARA TA CI GIDA

Wannan darasi mu mutanen Kaduna da tsada muka saye shi. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da mutane daga ko'ina, Bahaushe da Bajju da Katab da Gwari da Tibi da Bayarabe da Ibo, haya ɗaya, famfo ɗaya. Sai rikicin Fabrairu da Mayu na 2000, sai na Nuwamba 2002. Ni ban yi wayo a lokacin ba, a bakin Mama na ji. Aka yi asarar rayuka da dukiya masu yawa, mutane suka kwashe kaya, wasu suka tsallaka kogi zuwa arewa wasu suka tsallako kudu, kowa na neman inda nasa suka fi yawa. Kogin da a da wurin wanki da kamun kifi ne sai ya zama kamar iyaka. Kowane ɓangare in kin tambaye shi cewa zai yi ramawa ya yi. To wa ya ci? Dara ce ta ci gida.

Muna cikin waɗanda suka zauna a kudancin kogi. Kuma abin da idona ya gani tun ina ƙarama shi ne, bayan masaƙu sun rufe, tsofaffin ma'aikata sukan taru da yamma a gindin wata bishiyar mangwaro, wannan da carbi a hannu wancan da gicciye a wuya, ana dara ana diraf. Babban abokin karawar Kawu wani dattijo ne mutumin Zonkwa, tare suka yi aiki a ɗakin saƙa. In kin ji yadda suke yi wa juna barazana sai ki rantse za a zub da jini. “Yau sai na kwashe ka kaf!” “Kai ɗin? Zuba mu gani!” In an cinye Kawu sai ya tafa hannu ya ce, “Ka yi ni, mutumina. Share mu sake.” A share gurbi, a sake zubi, a aiki yaro ya sayo gyaɗa a ci tare. Na taɓa tambayarsa, “Kawu, ba ka jin haushi?” Ya ce, “Uwata, in na yi fushi na tashi, gobe da wa zan buga?”

Wannan tambaya ta Kawu ita ce ba a yi wa macijiya ba, ita ce kuma wasan waya ba zai taɓa yi miki ba.

KI GWADA SHI DA LIDO

To ga inda maganar ta shafe ki, ke mai saurayi da ke mai shirin yi. Saurayi a wurin zance ɗan wasan kwaikwayo ne. Ya yi wanka, ya fesa turare, ya haddace kalamai, wataƙila ma daga littafina ya kwaso su. Wata shida kina tare da shi ba za ki ga komai ba sai haƙoransa. In kina son ganin na ciki, ki sa a fito da lido a falo ko a zaure, a gaban yayyenki da ƙannenki, a zauna mutum huɗu. Shi ma lidon daga wasan pachisi na Indiya ya samo asali, a 1896 aka yi masa rajista a Ingila, kuma tun zaman kullen korona na 2020 ya dawo da ƙarfinsa a gidaje.

Sai ki zuba ido. In ya daɗe bai samu siki ba, yana dariya ne ko yana tsaki? In ƙaramin ƙanenki ya cinye masa ɗa a bakin gida, me fuskarsa ta yi? Yana matsar da ɗansa gida ɗaya in ya ga hankali ya ɗauke? Wanda ya yi maguɗi a inda babu ko sisi, me zai yi in an zo kuɗin cefane? In shi ya ci, yana yin ba'a har sai yaro ya yi kuka? In kuma ke kika cinye shi, wannan ce babbar jarrabawa.

Wata ƙawata a Narayi ta cinye nata sau uku a jere. Bawan Allahn nan ya hankaɗe allon, 'ya'ya suka watse a tsakar ɗaki, ya ce ai raini ne, ya figi makullin mashin ɗinsa. Kwana huɗu bai kira ta ba, da ya kira kuma cewa ya yi ta ba shi haƙuri. Yayarta ta ce da ita, “Ƙanwata, yau allo ya hankaɗe, gobe kwanon tuwo ne, jibi kuma ke ce.” Ta yi kukanta na sati biyu ta haƙura da shi. Ita kuwa yayar tawa da muke ciki ɗaya, nata da Kawu ya lallasa shi a dara sai ya cire hula ya ce, “Baba, a ƙara mini ɗaya, ko zan koyi wani abu.” Bayan ya tafi Kawu ya ce da Mama, “Wannan a ba shi.” Yanzu 'ya'yansu biyu.

Ban ce lido ya maye gurbin binciken iyaye da addu'a ba, a'a, kowanne da wurinsa. Kuma ban yarda da masu cewa ki riƙa barin sa yana cin ki don kada ransa ya ɓaci ba. In kin fara wannan tun a waje, haka za ki ƙare rayuwarki kina ɓoye wayonki a ƙarƙashin gado. Zaman aure kullum cikin ci da faɗuwa ake, yau maganarki ta hau gobe tasa. Gidan da ke ɗorewa shi ne wanda in an yi saɓani ake samun mai cewa share mu sake.

Kuma madubin nan ba shi kaɗai zai duba ba, har da ke. In an cinye ki kina kumbura? In ƙawarki ta fi ki maki a aji, kina daina yi mata magana? In saurayi ya bar ki, kina kwana kina tsara yadda za ki zame masa ƙudan Eega? Ki bari, 'yar'uwa. Kwashe 'ya'yanki ki sake zubi.

Saboda haka aikin gida na wannan wata, kowace ta nemi tsakuwa goma sha biyu da tsinke goma sha biyu, ta sami kakanta ko kawunta ta ce ya koya mata. Za su yi mamaki, za su kuma ji daɗi fiye da yadda kike zato. Wadda ta fara cinye kakanta ta rubuto mini, ni kuma na yi alƙawarin sa sunanta a littafina na gaba, kuma ba a matsayin kishiya ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A gaida su Mama.

Taku har kullum, daga Kakuri, Kaduna.